Wa Zai Ɗauki Kuskuren Mai Koyo? Tarihin Kwaikwayon Karayar Ƙashi a Horar da Likitoci

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi tarihin hanyoyin da aka bi domin koyar da likitoci gyaran karaya ba tare da sun fara gwada hannu a jikin majinyaci ba, tun daga rubuce-rubucen Masar da Andalus, zuwa gawa da ƙashin roba, har zuwa manhajojin kwamfuta na wannan zamani. An nuna cewa duk abin da aka kafa a madadin majinyaci yakan riƙe wani sashe na haƙiƙanin karaya, ya zubar da wani. Maƙalar ta tafi a kan cewa babbar gudummawar kwamfuta ita ce auna kuskure da adadi da kuma ba da damar maimaitawa, sannan ta yi tsokaci a kan abubuwan da ma'aunin nata bai kai gare su ba.

Muhimman kalmomi: karaya, ɗori, tiyatar ƙashi, kwaikwayo, kwamfuta, horar da likitoci

1.0 Gabatarwa

Kowace sana'ar hannu da kuskure ake koyonta. Ɗan koyon ɗinki yakan ɓata yadi, ɗan koyon sassaƙa yakan ɓata itace, asarar kuwa ba ta wuce a sayo wani ba. Mai koyon gyaran karaya bai samu wannan rangwame ba, domin abin da yake aiki a kansa jikin mutum ne mai rai. Idan ya kuskure, ƙashi ya haɗe a karkace, ko ƙafa ta gajarce, ko ɗauri ya matse jijiyoyin jini har gaɓa ta mutu, wani ne zai rayu da sakamakon har ƙarshen rayuwarsa.

Saboda haka tambayar da ta daɗe tana bin wannan fanni ita ce: a kan me mai koyo zai yi kura-kuransa na farko? Amsoshin da aka bayar sun sauya daga zamani zuwa zamani, kuma na baya-bayan nan shi ne kwaikwayon karaya a kwamfuta. Manufar wannan maƙala ita ce ta ajiye wannan fasaha a gurbinta na tarihi, domin a gane abin da ta gada daga magabatanta da abin da ta zo da shi sabo.

2.0 Zamanin Gani da Ido da Karatun Littafi

Mafi daɗewar hanyar koyo ita ce zama a gaban gwani. Haka ɗorin gargajiya ya gudana a ƙasar Hausa, inda sana'ar take gado, yaro yana riƙe gaɓar mai karaya yana kallon hannun mahaifinsa har ranar da za a sakar masa aiki. Haka kuma ya gudana a yawancin al'ummomin duniya. A wannan tsari majinyaci ne allon karatu, kariyarsa guda ɗaya ita ce idon malamin da ke tsaye a kan ɗalibi.

Rubutu ya rage wannan nauyi kaɗan. Takardar nan ta tsohuwar Masar da aka fi sani da sunan Edwin Smith, wadda aka kwafe wajen shekara ta 1600 kafin Miladiyya, ta ƙunshi bayanin raunuka 48, an jero su tun daga kai zuwa ƙasa. A kowane rauni an faɗi yadda za a duba shi da hukuncin da za a yanke: wanda ake iya warkarwa, da wanda za a yi fama da shi, da wanda ya fi ƙarfin magani. Ɗalibi yana iya haɗuwa da karaya a takarda kafin ya haɗu da ita a jiki.

A Ƙurɗuba ta Andalus, Abul Ƙasim Az-Zahrawi, wanda ya rasu wajen shekara ta 1013, ya keɓe maƙala ta 30 ta littafinsa At-Tasrif ga aikin tiyata, kashi na ƙarshe nata kuma ga ɗori da mayar da gocewar ƙashi. Ya zana hotunan kayan aiki domin mai karatu ya ga siffarsu, ya kuma ja hankalin ɗalibansa cewa wanda bai san tsarin halittar gaɓoɓi ba zai iya halaka wanda ya zo neman lafiya. An fassara wannan maƙala zuwa Latin a ƙarni na 12, aka daɗe ana karanta ta a makarantun Turai. Sai dai littafi ido yake koyarwa. Hannu yana nan yana jiran jikin da zai taɓa.

3.0 Gawa a Madadin Majinyaci

Jiki na farko da aka samu wanda ba ya jin zafi shi ne gawa. Samunta kuwa bai zo da sauƙi ba. A Birtaniya ƙarancin gawawwakin da doka ta halatta ya haifar da satar kaburbura, har ta kai ga kashe-kashen da Burke da Hare suka yi a Edinburgh a 1828 domin sayar wa makarantar koyon tsarin jiki. Wannan abin kunya na daga cikin dalilan da suka sa majalisa ta zartar da dokar fiɗar gawa ta 1832.

A kan gawa aka fara kwaikwayon karaya da ma'anarsa ta zahiri, wato karya ƙashi da gangan domin a ga yadda yake karyewa. A 1901 likitan Faransa René Le Fort ya buga sakamakon gwaje-gwajen da ya yi a kan kawunan gawawwaki, inda ya riƙa dukan fuska da ƙarfi daban-daban daga kusurwoyi daban-daban, ya gano cewa ƙasusuwan fuska suna tsagewa ne a kan layuka uku sanannu. Har yau da sunansa ake kiran waɗannan nau'o'i uku. A 1950 Niels Lauge-Hansen na ƙasar Denmak ya buga irin wannan aiki a kan idon sawu: ya kafe ƙafafun da aka yanke a kan katako, ya murɗa su ta fuskoki mabambanta, ya danganta kowace siffar karaya da yanayin murɗawar da ta haifar da ita.

Darasin da aka ɗauka daga nan shi ne karaya tana da ƙa'ida: ƙarfi iri kaza daga fuska kaza yana haifar da tsagewa iri kaza. Abin da ke da ƙa'ida kuwa ana iya lissafa shi, ko da yake an jira shekaru kafin a samu na'urar da za ta iya lissafin. Gano hasken ɗaukar hoton ƙashi da Wilhelm Röntgen ya yi a Würzburg a watan Nuwamba na 1895 ya ƙara wani abu: daga nan kuskuren mai ɗori ya daina ɓuya a ƙarƙashin fata.

4.0 Ƙarfe a Cikin Ƙashi da Darussan Davos

Muddin gyaran karaya bai wuce ja da daidaitawa da ɗauri ba, koyo a gaban gwani yana iya wadatarwa. Tsarin horar da ƙwararru da William Halsted ya kafa a asibitin Johns Hopkins, wanda aka buɗe a 1889, shi ma a kan wannan tubali aka gina shi: ɗalibi ya ga an yi, ya yi da kansa, sannan ya koya wa na bayansa. Abin ya sauya ne lokacin da likitoci suka fara buɗe fata suna kafa ƙarfe a jikin ƙashi. Gerhard Küntscher ya zura sandarsa ta ƙarfe ta farko a cikin ramin ɓargon ƙashin cinya a birnin Kiel na Jamus a 1939. Daga nan aikin ya koma kama da na kafinta da maƙeri: hudawa, da aunawa, da ɗaure sukuru daidai gwargwado.

A watan Nuwamba na 1958 likitoci 13 suka haɗu a garin Biel na Siwizalan, cikinsu har da Maurice Müller da Martin Allgöwer da Hans Willenegger, suka kafa ƙungiyar da aka sani da AO domin nazarin ɗaure karaya da ƙarfe daga ciki. Sun gane da wuri cewa kayan aiki mai kyau a hannun wanda bai iya ba haɗari ne, don haka suka buɗe darasi na farko a Davos a watan Disamba na 1960. A can likitoci suka zauna a kan tebura suna huda ƙasusuwan gawa suna kafa musu farantan ƙarfe, mataki bayan mataki, malamai suna zagayawa suna dubawa. Wannan ya kafa wata sabuwar al'ada: aikin tiyata abu ne da ake rarrabawa kashi-kashi, a maimaita shi a wajen ɗakin tiyata.

Ƙashin gawa yana da tsada da wuyar samu, kuma babu biyu da suke daidai da juna. A tsakiyar shekarun 1970 wani kamfani a tsibirin Vashon na jihar Washington ta Amurka ya fara ƙera ƙasusuwan roba masu suna Sawbones, waɗanda ake iya sarewa da hudawa. Da su aka samu damar ba ɗalibai ɗari karaya iri ɗaya a rana ɗaya. Abin da aka rasa shi ne duk abin da ke kewaye da ƙashi: tsoka, da fata, da jini. Ba a daɗe ba kuwa, a shekarun 1980 da 1990, masana na AO da kansu suka ƙara ƙarfafa cewa jera kowane gutsuren ƙashi a gurbinsa ba shi da amfani idan an yaye naman da ke ciyar da shi da jini. Wannan darasi ne da tsuran ƙashi a kan tebur ba zai iya koyarwa ba.

5.0 Ƙashi Ya Zama Lissafi

A Larabci kalmar jabru tana nufin ɗori, daga gare ta kuma aka samo sunan reshen lissafi da ake kira aljabra. Wata muhimmiyar haɗuwar fannonin biyu a aikace ta faru ne a Zurich a 1866, lokacin da injiniya Karl Culmann ya lura cewa jerin siraran sanduna da ke cikin kan ƙashin cinya, waɗanda masanin tsarin jiki Hermann von Meyer ya zana, sun yi kama da layukan nauyi na wata na'urar ɗaga kaya da yake tsarawa. A kan wannan Julius Wolff ya gina ƙa'idarsa ta 1892, cewa ƙashi yana sake ginin kansa gwargwadon nauyin da ake ɗora masa.

Kayan aikin da ya cika wannan tunani ya fito ne daga injiniyoyin jiragen sama da gine-gine a shekarun 1950 da 1960. Dabarar ita ce a rarraba abu mai wuyar siffa zuwa ƙananan gutsattsari masu sauƙin siffa, a ba kowane gutsure adadin taurinsa, sannan kwamfuta ta lissafa yadda nauyi yake ratsawa daga wannan zuwa wancan da inda yake taruwa. A 1972 Brekelmans da Poort da Slooff na ƙasar Holan suka buga aikin da ake ɗauka a matsayin farkon shigar wannan dabara fannin ƙashi, inda suka yi amfani da ita a kan ƙashin cinya.

Sauran abin da ake buƙata shi ne siffar ƙashin mutum na gaske. Na'urar ɗaukar hoton jiki yanka-yanka da Godfrey Hounsfield ya ƙera, wadda aka fara gwadawa a kan majinyaciya a Landan a watan Oktoba na 1971, ita ta samar da shi. Hotunanta suna nuna siffar ƙashi ta kowace fuska da kuma kaurinsa a kowane wuri, don haka ana iya ba kowane gutsure taurin da ya dace da shi. A shekarun 1990 Joyce Keyak da abokan aikinta a Kalifoniya suka nuna cewa irin wannan lissafi yana iya hasashen nauyin da zai karya ƙashin cinya, suka kuma gwada hasashen da ƙasusuwan gawa da aka karya a ɗakin bincike. A 1994 kuma Babban Ɗakin Karatun Likitanci na Amurka ya fitar da hotunan gawar wani mutum da aka zartar wa hukuncin kisa a Texas, wadda aka daskarar aka yanka fiye da sau 1,800, tsakanin kowane yanka milimita ɗaya. Manhajojin koyarwa da dama sun ginu a kan waɗannan hotuna. Ashe ko jikin da ke cikin kwamfuta ma daga gawa aka aro shi.

6.0 Shigowar Na'urar Kwaikwayo

Tunanin horar da mutum a na'ura kafin a ba shi amanar rayuka daga matuƙa jirgin sama aka aro shi, domin tun 1929 Edwin Link ya ƙera akwatin da ke kwaikwayon tuƙin jirgi. A fannin ƙashi, Scott Delp da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford sun buga samfurin ƙafar mutum na kwamfuta a 1990, wanda ake iya sauya wa mazaunin jijiya a ga tasirin sauyin. A 1993 Thomas Massie da Kenneth Salisbury suka ƙera wata na'ura a cibiyar fasaha ta Massachusetts mai kama da alƙalami, wadda take turje wa hannun mai riƙe da ita, har ya ji kamar yana taɓa abin da yake gani a allo.

A nan akwai wata matsala ta fasaha da ya kamata a fahimta. Ido yana buƙatar hoto ya sabunta kamar sau 30 a daƙiƙa ɗaya, hannu kuwa yana buƙatar turjiyar ta sabunta kamar sau 1,000 a daƙiƙa kafin ya yarda cewa abu mai tauri yake taɓawa. Cikakken lissafin yadda ƙashi yake tsagewa ya fi wannan jinkiri nesa ba kusa ba. Don haka yawancin na'urorin horaswa ba sa lissafa karyewar kanta. Sukan ɗauko siffar karaya da aka riga aka shirya, su mayar da hankali a kan gyaranta.

Abubuwa biyu suka hanzarta karɓar waɗannan na'urori. Na farko shi ne ƙarancin lokaci: Amurka ta taƙaita aikin likitoci masu neman ƙwarewa zuwa sa'o'i 80 a mako a 2003, Tarayyar Turai kuma ta kai nata zuwa 48 a 2009. Na biyu shi ne hujja. A 2002 Neal Seymour da abokan aikinsa a Jami'ar Yale suka raba likitoci 16 gida biyu, suka tarar cewa waɗanda suka yi horo a na'ura sun fi sauri da kashi 29 cikin 100 wajen cire matsarmama a jikin majinyata na gaske, kura-kuransu kuma sun ragu ninki shida. Aikin ba na ƙashi ba ne, amma tasirinsa ya ratsa dukkan fannonin tiyata. Daga 2013 hukumar da ke tantance likitocin ƙashi a Amurka ta wajabta horo a kan abin kwaikwayo ga 'yan shekarar farko.

6.1 Misalin Karayar Kwatangwalo

Ɗaya daga cikin ayyukan da suka fi karɓar kwaikwayon kwamfuta shi ne ɗaure karayar saman ƙashin cinya, wadda ta fi samun tsofaffi. Likita yana zura siririyar waya ta cikin wuyan ƙashin zuwa tsakiyar kansa, ba ya ganin inda take tafiya sai ta hotuna biyu, ɗaya daga gaba ɗaya daga gefe, waɗanda wata na'ura mai siffar baka take ɗauka. A kan wayar ake zura babban sukurun da zai riƙe karayar. Wahalar tana ga haɗa hotuna biyu shimfiɗaɗɗu a ƙwaƙwalwa su zama abu guda mai zurfi, kuma kowane ƙarin hoto ƙarin haske ne mai illa ga majinyaci da ma'aikata.

A 1995 Michael Baumgaertner da abokan aikinsa suka samar da ma'auni: a auna tazarar da ke tsakanin bakin sukuru da ƙololuwar kan ƙashi a hotunan biyu, a haɗa. Cikin karaya 198 da suka bibiya, babu ko ɗaya da sukurunta ya tsinke ya fita daga ƙashi a inda jimillar ba ta wuce milimita 25 ba. Da wannan aka samu adadi guda wanda yake da alaƙa da makomar majinyaci, kuma kwamfuta tana iya auna shi nan take. Manhajar Bonedoc da Phil Blyth da abokan aikinsa suka bayyana a Niyu Zilan a 2007 ta yi aiki a kan kwamfuta ta gama-gari. TraumaVision ta kamfanin Swemac na Suwidin ta ƙara da turjiyar hannu. Masu bincike a Jami'ar Iowa kuwa sun haɗa tsoho da sabo: ɗalibi yana huda ƙashin roba da mahudi na gaske, kyamarori suna bin wayar, kwamfuta tana zana hotunan da zai gani a ɗakin tiyata ba tare da haske mai cutarwa ba. A dukkansu ana lissafa masa tazararsa, da yawan hotunan da ya ɗauka, da sau nawa ya huda ya sake.

Wannan shi ne sabon abin da kwamfuta ta kawo. Malamin gargajiya yakan ce hannun ɗalibi ya nuna ko bai nuna ba, hukuncinsa kuma yana iya saɓawa da na wani malami. Na'ura tana faɗin milimita nawa aka kauce, ta bar ɗalibi ya sake sau hamsin ba wanda ya ji ciwo.

7.0 Abin da Ma'auni Bai Kai Gare Shi Ba

Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne. Da farko, yawancin binciken da aka yi a fannin ƙashi yana gwada wanda ya koya a kwamfuta ne a kan wani abin kwaikwayo na daban. Alal misali, a gwajin da aka buga a 2020 daga Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles, ɗaliban likitanci 20 aka raba gida biyu, waɗanda suka koyi zura sandar ƙarfe a ƙashin ƙwauri ta tabaran kwaikwayo suka fi takwarorinsu maki, amma a kan ƙashin roba aka yi jarrabawar. Sakamakon yana da ƙarfafa gwiwa, sai dai bai kai matsayin shaida a kan yadda majinyaci zai warke ba.

Na biyu, abin da ya fi sauƙin aunawa shi yakan mamaye manhaja. Kusurwar sukuru tana da adadi. Tausasa hannu ga tsoka, da gane gaɓar da kumburi ya fara toshe wa jini, da sanin ranar da ya kamata a jinkirta tiyata, da ma sanin karayar da ba ta buƙatar wuƙa sam, duk waɗannan ba su da saukin mayarwa lamba.

Na uku ya shafi inda buƙata ta fi tsanani. Rahoton kwamitin mujallar Lancet na 2015 ya ƙiyasta cewa mutane biliyan 5 ba sa samun tiyata mai aminci da sauƙin kuɗi, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce a rahotonta na 2023 haɗurran hanya suna kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, yankin Afirka ne kuma ke da kaso mafi girma idan aka kwatanta da yawan jama'a. Na'urorin da aka ambata a sama suna ɗauka cewa akwai na'urar hoto a ɗakin tiyata, alhali asibitoci da yawa a waɗannan ƙasashe ba su da ita. Saboda irin waɗannan asibitoci ne ƙungiyar SIGN, wadda Lewis Zirkle ya kafa a 1999, ta ƙera sandar ƙarfe da ake iya kafawa ba tare da hoton ba. Manhajar da za ta amfani likitan da ke aiki a irin wannan wuri dole ta kwaikwayi kayan da ke hannunsa da irin karayar da ke zuwar masa, wadda sau da yawa ta kwana makonni, wani lokaci bayan an gwada ɗorin gida.

8.0 Kammalawa

An ga yadda littafi ya koyar da ido, gawa ta bayyana ƙa'idar karaya, ƙashin roba ya daidaita darasi ga kowa, kwamfuta kuma ta kawo ma'auni da maimaici. Babu wanda ya kori na gabansa a cikinsu. Na'urar Iowa ma ƙashin roba take amfani da shi, hotunan 1994 kuma daga gawa suka fito. Ranar da ɗalibi zai fara taɓa mutum mai rai tana nan tafe ko da wace na'ura aka horar da shi, malami kuma zai tsaya a kansa kamar yadda ya tsaya tun zamanin da. Abin da za a nema daga kwaikwayon kwamfuta shi ne ya rage yawan kura-kuran da ɗalibi zai iso da su wannan rana. Aikin da ya rage ga masu bincike shi ne su auna wannan raguwa a jikin majinyata, su kuma kai fasahar asibitocin da karaya ta fi yawa, malamai suka fi ƙaranci.